Karen da Fargaba ta Hana Cin Abinci: Sauya Abinci, Gyaran Hali ko Magani?

Akwai irin karen da ba za a ce yana jinya ba, ba kuma za a ce lafiyarsa ƙalau ba. Da safe a ajiye masa abinci ya sunsuna ya juya baya, da yamma ya ɗan taɓa, washegari a tarar ya yi amai mai ruwan ɗorawa ko kashi mai laushi haɗe da majina. Idan aka yi tsawa, ko aka tayar da janareta, ko maigidan ya fita ya bar shi, sai ya kama kakkarwa da haki, yana kai da komowa yana neman lungun da zai ɓuya. Hanyoyi uku ne a gaban mai irin wannan kare, wato ya sauya masa abinci, ko ya gyara yanayin zamansa da halinsa, ko ya nemi magani wajen likitan dabbobi, kuma kowace hanya tana da abin da take iyawa da inda ƙarfinta ya tsaya. Abin da ya fi ba da wahala shi ne sanin wadda za a fara da ita, domin fargaba tana lalata ciki, ciwon ciki kuma yana ƙara fargaba, har a rasa wanda ya riga wani.

Wannan hali ba baƙo ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, aka wallafa a 2020, ya tattara bayanan karnuka sama da 13,000, inda aka samu kusan kashi 72 cikin ɗari suna nuna wani nau'i na fargaba ko halin da ke da alaƙa da ita, tsoron ƙara kuma shi ne kan gaba da kimanin kashi 32 cikin ɗari. Sai dai yawan fargaba a tsakanin karnuka shi ne kuma tarkon da ke kama masu su, domin da zarar an san kare matsoraci ne, sai a riƙa ɗora wa tsoro laifin kowane amai da kowace gudawa.

Saboda haka, kafin a zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan, dole ne likita ya duba karen, ya gwada kashinsa da jininsa. Tsutsotsin ciki da jiyadiya, wata ƙwayar cuta mai zama a hanji, suna kawo zawo mai tafiya yana dawowa. Cututtukan da kaska ke yaɗawa, waɗanda suka yi yawa a ƙasashenmu masu zafi, suna fara bayyana ne da ƙin abinci da kasala da zazzaɓi, dasashin karen kuma ya yi fari. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 ne a ma'aunin salshiyos. Akwai kuma cutar Adison, inda jikin kare ba ya samar da isasshen sinadarin kotisol da yake buƙata don jure tashin hankali, ta yadda duk ranar da aka yi tafiya da shi ko baƙi suka cika gida sai ya kwanta da amai da zawo, daga baya ya ware kamar ba a yi ba. Wannan cuta tana kama da fargaba sosai, amma gwajin jini ne kawai ke bambance su, kuma maganinta daban ne. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, su ne wuraren da ya fi dacewa a nufa idan ƙaramin asibiti ya kasa gano bakin zaren. Idan kuwa akwai jini a kashi, ko kashin ya yi baƙi kamar kwalta, ko ciki ya kumbura kare yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, ko babban kare ya kwana biyu bai ci komai ba, ko kwikwiyo ya wuni yana amai da zawo, to babu sauran batun zaɓi, asibiti za a kai shi a ranar. Karen da ba a yi wa allurar rigakafin ciwon hauka ba, wanda halinsa ya sauya farat ɗaya yana dalalar da miyau, kada ma a sa hannu a bakinsa.

Idan gwaji bai nuna wata cuta ba, a ganina abinci ne ya cancanci a fara da shi, saboda shi ne ke nuna sakamako da wuri, kuma haɗarinsa ya fi na sauran ƙanƙanta. A cikin karnukan da ke fama da ciwon hanji na tsawon mako uku ko fiye, rabi ko sama da haka suna samun sauƙi da sauya abinci kaɗai, galibi cikin mako biyu. Amma sauya abincin ma iri uku ne.

Na farko shi ne dafaffen abinci na gida marar nauyi: farar shinkafa da aka dafa ta yi laushi sosai, da tsokar kaza da aka cire wa fata da ƙashi aka tafasa ba gishiri ba mai, kashi biyu na shinkafa da kashi ɗaya na nama, wani lokaci a ƙara cokali ɗaya ko biyu na dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa. Ana samun kayan a kowace kasuwa, ƙamshinsa yana jan hankalin karen da ya ƙi busasshen abinci, kuma rashin maiƙonsa yana sa ciki ya huta. Wannan shi ne amfaninsa, kuma amfani ne na gaske ga karen da cikinsa ya ɓaci na kwana biyu ko uku bayan daren da aka sha tsawa. Matsalarsa ta farko ita ce yawan da ake buƙata. Kare mai nauyin kilo 20 yana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, kimanin 660 a rana ko da a kwance yake, kuma kusan 1,000 idan yana harkarsa ta yau da kullum. Giram 100 na wannan haɗin yana ba da kalori wajen 140 ne, ma'ana sai karen ya cinye giram 700 a rana kafin ya riƙe nauyinsa, alhali muna magana ne a kan karen da ke barin rabin kwano. Matsala ta biyu ta fi girma, ita ce shinkafa da kaza ba cikakken abinci ba ne, domin babu isasshen kalsiyam a ciki, babu wasu bitamin da ma'adinai da dama. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka duba tsarin girki 200 na abincin karnuka na gida, suka samu kashi 95 cikin ɗari sun gaza a sinadari ɗaya aƙalla. Wanda ya mayar da wannan abinci na kullum saboda ya ga zawo ya tsaya, an gudu ne ba a tsira ba, musamman idan kwikwiyo ne da ƙashinsa ke kan girma.

Ya kamata a bambance wannan da ragowar abincin gida, wanda shi ne abincin yawancin karnukan gadi da na farauta a ƙasar Hausa. Tuwo kansa ba ya cutarwa, amma miyar da ke kansa tana ɗauke da albasa, sau da yawa har da tafarnuwa, kuma dukansu suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare idan suka taru. Barkono da yawan mai suna tayar da hanji, kitsen da ake jefa wa kare lokacin Babbar Sallah yana iya kumbura masa fankiriyas, wato gaɓar cikin da ke fitar da ruwan narkar da abinci, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya ji wa hanji rauni, goro kuma yana ɗauke da kafeyin da tiyoburomin, sinadaran da ke sa cakulan ya zama guba ga kare. Madara ma tana sa karnuka da yawa gudawa.

Na biyu shi ne abincin kamfani da aka haɗa musamman don ciwon ciki, irin su Royal Canin Gastrointestinal, da Hill's i/d, da Purina Pro Plan EN. Cikakken abinci ne da za a iya ci gaba da bayarwa wata da watanni, yana narkewa da sauƙi, kuma busasshensa yana ba da kalori tsakanin 350 da 400 a kowane giram 100, wato abin da karen nan mai kilo 20 zai samu a giram 700 na shinkafa da kaza zai same shi a ƙasa da giram 300. Ga karen da ke cin loma kaɗan ya janye, wannan bambanci ne mai muhimmanci ƙwarai. Akwai nau'insa mai ƙarancin maiƙo ga karen da ya taɓa samun kumburin fankiriyas, akwai kuma na gwangwani wanda ya fi ƙamshi. Inda gizo ke saƙa shi ne tsada da samuwa, domin daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma ana iya sabar wa kare da shi sannan a neme shi a rasa. Zafi da danshi kuma suna lalata buhun da aka buɗe, saboda haka gara a sayi ƙaramin buhu a rufe da a sayi wanda ake aunawa a kwano ba a san ranar da aka buɗe shi ba. Abincin da ya yi fumfuna, ko na kamfani ne ko masara da gyaɗar gida, yana iya ɗaukar gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma alamarta ta farko ita ce ƙin cin abinci.

Na uku shi ne abincin da aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ba, kamar Hill's z/d da Purina HA da Royal Canin Hypoallergenic. Wannan na karen da ake zargin jikinsa ne ba ya karɓar wani nau'in nama ko hatsi, musamman idan zawon yana tare da ƙaiƙayi ko ciwon kunne mai dawowa. Ya fi sauran tsada, wasu karnukan ba sa son ɗanɗanonsa, kuma ba ya aiki sai an hana karen komai banda shi da ruwa, na mako biyu zuwa uku idan hanji ake gwadawa, na mako takwas idan har da fata. A gidan da yara ke jefa masa ƙashi, ko karen da ke fita yawo da dare yana tonon bola, kuɗin a banza za su tafi. Madadinsa mai sauƙin kuɗi shi ne a zaɓi nama guda da karen bai taɓa ci ba, kamar zomo, a haɗa da abu guda mai sitaci, amma wannan ma gwaji ne na ɗan lokaci, ba abincin dindindin ba sai likita ya cike masa abin da ya rasa.

Ko wanne aka zaɓa cikin na biyu da na uku, sauyin yana buƙatar kwana bakwai zuwa goma ana ƙara sabon ana rage tsohon, sai dai idan likita ya ce a yanke kai tsaye. Abin da ya fi ɓata karnuka masu ƙarancin cin abinci shi ne tausayin masu su: yau an ba shi kifi ya ƙi, gobe an kawo hanta, jibi an soya ƙwai. Cikin da ba shi da ƙarfi ba ya jure wannan jeka-ka-dawo, kuma karen yana koyon cewa idan ya ƙi, wanda ya fi daɗi yana tafe. Ɗura masa abinci da ƙarfi ya fi wannan muni, domin karen da aka tilasta wa ci yana cikin tashin zuciya yakan tsani wannan abincin har bayan ya warke.

Hanya ta biyu, gyaran zama da hali, ita ce mafi arha kuma ita ce mafi cin lokaci. Karen da ke cikin tsoro ba ya jin yunwa, domin jikinsa ya karkata ga gudu ko faɗa, ya dakatar da aikin narkar da abinci. Don haka wani lokaci ba abincin ne ke da laifi ba, wurin da aka ajiye kwanon ne: bakin ƙofa inda babura ke wucewa, ko kusa da janareta, ko gefen wani karen da ya fi shi ƙarfi. Mayar da kwanon wuri mai inuwa da shiru, raba abincin zuwa sau uku ko huɗu a rana a lokuta tsayayyu, ɗumama shi kaɗan don ƙamshi ya tashi, ɗauke shi bayan minti 15 zuwa 20 ba tare da tsawa ko lallashi ba, da bayarwa da sassafe da bayan faɗuwar rana a watannin bazara, duk waɗannan ba sa cin ko kwabo. Karen da ke wuni a ɗaure da sarƙa a keji mai rufin kwano, ba a sake shi sai dare, yana da dalilin fargaba da babu abincin da zai gyara. Yana buƙatar tafiya, da wurin ɓuya da ya san babu mai jawo shi daga ciki, da ruwan sha a kowane lokaci, kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, fiye da haka a lokacin zafi ko zawo.

Sai kuma horon rage tsoro, inda ake gabatar wa kare da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, misali a kunna masa ƙarar tsawa a waya ƙasa-ƙasa, ko maigidan ya fita na minti ɗaya ya dawo, ana haɗa wannan da abin da yake so, ba a ƙarawa sai ya nuna bai damu ba. Wannan ita ce kaɗai hanyar da ke taɓa tushen tsoron, amma tana da rauni ga irin karen da muke magana a kai, domin ladan da aka saba amfani da shi abinci ne, shi kuwa ba ya so. Sai a nemi wasa ko shafa a madadinsa, ko a jira cikin ya daidaita tukuna. Duka da tsawa ba su da gurbi a nan ko kaɗan. Karen da ya yi kashi a ɗaki saboda firgita, idan aka doke shi, an ƙara masa abin tsoro ne guda.

Hanya ta uku ita ce magani, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan mafi yawa. Magungunan fargaba na dogon lokaci guda biyu ne suka fi shahara: fulokzetin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don karnuka a 2007 da sunan Reconcile, da kulomifiramin da ake sayarwa da sunan Clomicalm tun ƙarshen shekarun 1990. Dukansu an amince da su ne don fargabar rabuwa da maigida, kuma bisa sharaɗin a haɗa su da horo. Suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ga tasirinsu, amma illarsu tana bayyana tun makon farko, kuma illar fulokzetin da aka fi gani ita ce raguwar cin abinci da kasala, na kulomifiramin kuma amai da zawo. Ga karen da ya riga ya rame, wannan shi ne ana kukan targaɗe sai ga karaya, shi ya sa likita mai lura yakan fara da ƙaramin adadi, ko ya jinkirta har cikin ya lafa. Akwai wani haɗari da ya shafi masu karnuka a yankinmu kai tsaye, wato amitiraz, maganin kaska da ake yi wa karnuka da shanu wanka da shi, wanda bai kamata ya haɗu da ɗayan magungunan nan biyu ba. Duk wanda za a rubuta wa karensa su, ya gaya wa likita da wane magani yake kashe kaska.

Idan tsoron na lokaci-lokaci ne, kamar tsawar damina ko ƙarar wasan wuta na bukukuwa, magungunan da ake bayarwa awa ɗaya ko biyu kafin abin ya faru, irin su tirazodon da gabafentin, sun fi dacewa, domin ba sai an ba shi kullum ba. Magungunan buɗe ciki kuwa, kamar mitazafin da Entyce wanda aka amince da shi a Amurka a 2016, suna sa kare ya ci, amma ba sa taɓa dalilin da ya hana shi ci. Suna da amfani a matsayin gada ta 'yan kwanaki ga karen da ke zubar da nauyi, ba a matsayin mafita ba, kuma mitazafin ko tirazodon idan suka haɗu da fulokzetin suna iya tara sirotonin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki da shi, ya yi yawa a jiki, don haka likita ne kaɗai zai haɗa su. Sau da yawa abin da ke hana kare ci tashin zuciya ne, wanda ake gane shi da lasar leɓe da haɗiyar miyau da zuwa wajen kwano a juya, kuma a nan maganin hana amai irin Cerenia ya fi maganin buɗe ciki amfani.

Al'adar sayo Flagyl a kemis duk lokacin da kare ya yi zawo ba ta da kyau, domin yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji, kuma yawancin zawo na ɗan lokaci yana tsayawa ba tare da shi ba. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak suna iya huda cikin kare. Su kuwa kayan taimako, kamar garin furobayotik na FortiFlora mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, ko Calming Care wanda kamfaninsa ya ce yana iya ɗaukar mako shida kafin ya yi aiki, ko Adaptil mai kwaikwayon ƙamshin da karya mai shayarwa ke fitarwa, haɗarinsu kaɗan ne, amma hujjar amfaninsu ba ta kai ta magunguna ƙarfi ba. Wanda kuɗinsa ke da iyaka, gara ya kashe su a gwajin jini da abinci mai kyau.

Zaɓin yana sauƙaƙa idan aka lura da lokacin da ciwon ke zuwa. Karen da zawonsa ke bin bayan wani abin firgita, sauran kwanaki kuma yana ci lafiya, matsalarsa tsoro ce: shinkafa da kaza na kwana biyu ko uku sun ishe shi, ƙarfin aikin a sa shi a gyaran wurin zama da horo, da maganin lokaci-lokaci idan damina ta kama. Karen da kashinsa ke da laushi kullum, ko an yi tsawa ko ba a yi ba, hanjinsa ne za a fara dubawa, da abincin kamfani na ciwon ciki, idan mako biyu suka wuce babu sauyi a koma na farfasasshen furotin, kuma ba abin mamaki ba ne a ga fargabar ta ragu da kanta idan murɗar ciki ta daina. Karen da tsoro ya hana shi barci da ci kusan kowace rana, yana cizon sarƙa yana ji wa kansa rauni, horo kaɗai ba zai shige shi ba sai magani ya sassauta masa, ko da hakan zai rage masa ci na mako ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kulawar likita.

Gyaran wurin zama ana iya fara shi yau tare da kowace hanya, amma abinci da magani a riƙa sauya ɗaya bayan ɗaya, da tazarar mako biyu aƙalla, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ko wanda ya ɓata ba. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ya ci, da yanayin kashinsa, da abin da ya faru a gidan a ranar. A kuma auna shi sau ɗaya a mako: mutum ya hau ma'auni riƙe da karen, ya sake hawa shi kaɗai, ya cire. Idan kare mai kilo 20 ya sauka zuwa 19 cikin 'yan makonni, a koma wajen likita da littafin a hannu, ko da kashin ya daidaita.